Jan faiba zuwa ƙauyukan Jazira da Nil Azrak: inda kuɗin kaya ke zurarewa

Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan Sudani da MTN da Zain suka ɗauke, mutanen Jazira da Sinnar suka san cewa intanet ta shiga sahun ruwa da dawa. Wanda kuɗinsa ke cikin manhajar banki ta Bankak ya wayi gari ba ya iya sayen ko sabulu, wanda ɗansa ke Jidda ko Riyad ya rasa hanyar karɓar aike. Wasu wuraren makonni aka yi a haka, wasu watanni. A lokacin ne samari suka buɗe rumfunan Starlink ana biyansu da awa, kuma cikinsu ne yanzu ake samun masu son wuce rumfa, su ja wayar gilashi, wato faiba, daga babban titi zuwa cikin unguwanni. Tunani ne mai kyau. Abin da ke karya gwiwa shi ne takardar farashi, domin komai da dala ake sayensa, ku kuwa da jinai za ku karɓi kuɗin wata daga hannun manomi. Shawarata ga ta tun daga farko: mafi yawan rangwamen da za ku samu yana kan takardar zane, tun ba ku je kasuwa ba. Wanda ya tsara aikinsa da kyau, ko bai iya ciniki ba, zai kashe ƙasa da gwanin cinikin da ya jibge kaya tukuna sannan ya zauna tunanin inda zai kai su.

Ku fara da tambayar daga ina za ku sha. Intanet ɗin Sudan ta teku take shigowa, a Bur Sudan, inda manyan kebul irin su EASSy, wanda ya fara aiki a 2010, suke sauka, daga nan kamfanoni irin Sudatel da Canar su ɗauke ta zuwa birane. Ba wanda ya ce ku yi gasa da su. Aikinku shi ne 'yan kilomitocin ƙarshe, tsakanin inda layinsu ya tsaya da ƙofar gidan mutum. Saboda haka kafin ku sayi ko ƙusa, ku je ofishin kamfanin a Wad Madani ko Sinnar ko Sinja ko Damazin, ku ji inda maharɗarsu mafi kusa da ku take, da kuɗin da suke sayar da sari. Kada ƙauye ɗaya ya je shi kaɗai. In gari huɗu ko biyar suka haɗa buƙata suka je da murya ɗaya, farashin kowane megabit yana sauka, kuma manaja zai ba ku kujera maimakon ya bar ku a tsaye. A wannan zaman ne za ku warware maganar lasisi. Sayar da intanet ga jama'a sana'a ce da hukumar kula da sadarwa da gidan waya take sa wa ido, kuma hanya mafi sauƙi ga ƙaramin mai jari ita ce ya zama wakilin kamfanin da ke da lasisi. Haka nan kayan da za a shigo da su, a nemi amincewar hukumar tun suna Dubai ko Sin. Kayan da aka tsare a tashar jiragen ruwa kullum kuɗin ajiya suke ci.

Sai zaɓin tsari, kuma nan ne babban rangwame yake. Akwai mai cewa a ja wa kowane gida zarensa tun daga cibiya, ko a dasa na'urar rarrabawa mai cin wuta a kowace unguwa. Ku bar wannan. Kowace na'ura mai cin wuta da kuka ajiye a waje tana tafe da farantin sola, da batir, da akwatin ƙarfe, da mai gadi, da ɓarawo. Tsarin da ya dace da ku shi ne wanda 'yan sana'a ke kira GPON. Duk manomin Jazira ya san shi ko da bai taɓa jin sunan ba: tun 1925 ruwa ke fitowa daga madatsar Sinnar ya bi babbar magudana, ya shiga tur'a, ya sauka abu ishirin, ya ƙare a abu sitta, ba tare da famfo ya tura shi ba. Haka haske ke fitowa daga uwar na'ura, wadda ake kira OLT, ya bi zare ɗaya, ya isa wani ɗan gilashi mai raba shi takwas ko goma sha shida, daga nan ya wuce zuwa akwatin gida, wato ONU. Wannan mai raba hasken ba ya cin wuta, ba ya zafi, ba ruwansa da ɗaukewar lantarki, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Baki ɗaya na OLT yana ɗaukar gida 64, a nisan da ya kai kilomita 20. Ke nan ƙaramar OLT mai baki 8 ta ishi gida 512, kuma daga ɗaki ɗaya a Maiurno za a iya ciyar da ƙauyukan da ke kewaye.

Dillali zai zo muku da sabon samfuri mai gigabit 10, ya ce GPON ya tsufa. Ku yi masa godiya. Baki ɗaya na GPON yana zubo kusan gigabit 2.5, in gida 64 suka buɗe a lokaci ɗaya kowa zai samu kusan megabit 39, alhali abin da za ku iya saye daga kamfani da kuɗinku bai kai kusa da haka ba. Maƙogwaron yana can sama, wajen sarin. Ranar da buƙata ta kai, zaren da kuka shimfiɗa yau shi zai ɗauki sabuwar na'urar, ba sai an sake jan waya ba.

Akwai lissafi ɗaya da ba a tsallake shi, domin shi ke raba mai OLT ɗaya da mai saye biyu. Haske yana raguwa a hanya, ana auna raguwar da desibel. Kowane kilomita na zare yana cin kusan 0.35, mai raba takwas yana cin kusan 10.5, kowace walda kusan 0.1, kowane kan haɗi har zuwa 0.5. A ce ƙauye yana nisan kilomita 6, kun jera masu raba takwas guda biyu, da walda 10, da kan haɗi 4. Zare ya ci 2.1, rabawa ta ci 21, walda 1, kawuna 2, jimla 26.1. Ɗan ƙwan fitilar da ake cusawa a bakin OLT kala-kala ne: mai lamba B+ yana jure 28, mai lamba C+ yana jure 32. Da na farkon, rarar da ta rage muku ba ta kai 2 ba, gyara biyu ko uku bayan yankewa ya cinye ta, sai gidajen ƙarshen layi su fara kuka. Da na biyun kuna da rarar kusan 6, kuma bambancin kuɗinsu kaɗan ne. Ku bar rarar aƙalla 3 a kowane reshe. Wanda bai yi wannan lissafin ba, ƙarshenta sai ya gina cibiya ta biyu da solarta da batirinta, don gyara abin da biro da takarda za su hana.

Kada ku sayi fitilu takwas rana ɗaya don OLT tana da baki takwas. Ku cika baki ɗaya, sannan ku kunna na gaba. Don haka ya fi kyau a tara masu rabawa na farko a akwati ɗaya a tsakiyar gari, yadda duk wanda ya yi rajista, ko daga wace unguwa yake, za a ɗora shi kan bakin da ke aiki. Ƙauyukan da suka jeru a bakin kogi, kamar yadda suke daga Sinnar zuwa Sinja har Rusairis, akwai mai rabawa da ya dace da su, wanda ke sauke kaso kaɗan, misali 10 cikin 100, ya wuce da sauran gaba a kan zare guda. Su kuwa kanabi, ƙananan matsugunan ma'aikatan gona da ke warwatse cikin Jazira, ba kowanne ne zai biya kuɗin kebul ɗinsa ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tudu, saboda haka a kai faiba babban gari, daga can a harba da ƙaramin faifan rediyo zuwa kanabin, a sa waifai a shago ko makaranta ana sayar da kati. Ko a cikin gari, gidanmu na Hausawa babban gida ne, uba da 'ya'ya da matansu a zagaye ɗaya. Akwati ɗaya a tsakar gida ya wadatar, ba sai kowane ɗaki da nasa ba.

Yanzu ga inda kuɗi ya fi tafiya. A duk duniya, haƙa rami da kafa turaku da izinin wucewa su ke cinye fiye da rabin kuɗin aikin faiba, na'urori ƙaramin kaso ne. Shi ya sa a Najeriya aka daɗe ana rigima kan kuɗin izinin shimfiɗa, har aka tsayar da naira 145 a kowace mita, jihar Kaduna kuma ta yafe shi gaba ɗaya a 2020. A Ingila, manoman karkarar Lankasha da manyan kamfanoni suka ƙi zuwa wurinsu sun kafa ƙungiyar B4RN a 2011, masu gonaki suka ba da hanya kyauta, jama'a suka haƙa da kansu. Mu ba sai an koya mana gayya ba. Maiurno, garin da jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno suka sare daji suka kafa a 1906, bayan faɗuwar Burmi, ba zai gaza haƙa ramin kilomita biyu ba. Amma a bi ta hannun manya. A zauna da Sarki da umdoji da shehunan unguwanni da limamai, a nuna musu hanyar da wayar za ta bi, a samu yardar masu gonaki a rubuce. A yi wa masallaci da makaranta da asibiti alkawarin layi kyauta, kuɗin akwati uku ne kawai, kuma su za su zama masu gadinku.

Gargaɗi kafin a ɗaga diga. An yi yaƙi a waɗannan wurare, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023 sai Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta, Sinja ma ta shafe watanni a 2024 a hannun RSF. Akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a bakin hanyoyi da kewayen tsofaffin sansanoni. Kada a tura yara haƙa a wurin da cibiyar kwance nakiyoyi ta ƙasa ba ta duba ba. Ba rangwamen da ya kai ƙafar ɗan mutum.

A sama za a rataye ko a ƙasa za a binne? Inda turakun lantarki suke tsaye, kuma kamfanin wuta ya yarda, ratayewa ta fi araha nesa ba kusa ba. Ku nemi kebul ɗin da ake kira ADSS, wanda babu ƙarfe ko kaɗan a cikinsa: tsawa ba ta bin sa, ba ya ɗaukar wuta daga wayar da ke kusa, kuma ɗan jari-bola ba zai samu abin aunawa ba. A yanke guntu a kai masallaci ranar Juma'a kowa ya gani da idonsa cewa gilashi ne da roba, babu jan ƙarfe. Da yawan satar faiba jahilci ne, ɓarawo ya yanke ya ƙona ya tarar da toka. Wurin tsallake titi a ɗaga shi ya kai mita 6, don motocin auduga da na karan dawa lodi suke yi har ya fi ƙarfin ido. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar siririn kebul na shiga gida, saboda arha, a ja shi kilomita guda a matsayin babban layi. Ba a yi shi don dogon rataye da iskar habub ba. Kafin shekara ta zagayo kuɗin gyara ya ninka abin da aka rage, araha dai ba ta ado. A babban layi kuma kada ku yi rowar zare: in lissafi ya ce 12, ku sayi mai 24, domin bambancin kuɗin kaɗan ne idan aka gwada da ladan sake hawa turaku. Zaren ya zama mai lamba G.652D a babban layi, G.657A a na shiga gida saboda yana jure lanƙwasa.

Binnewa a Jazira tana da nata hali. Baƙar lakar nan tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani har hannu ya shige, kuma wannan motsin yana jan duk abin da aka binne sama-sama. In dole ne, a sa kebul cikin bututun roba, a zurfafa kusan mita guda, a bar masa sassauci, a shimfiɗa jan ƙyalle ko leda a sama da shi don mai haƙa na gaba ya gani. Lokacin aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙasa ta sha iska amma ba ta zama dutse ba. Ku nisanci gaɓar tur'a duk da cewa ita ce hanya mafi miƙewa, domin karaka mai yashe laka za ta zo, kuma direbanta bai san da ku ba. A kowace maharɗa ku naɗe rarar mita 15 zuwa 20, ranar yankewa ita za ta hana ku sayen sabon guntu da akwatin walda biyu.

Game da sayen na'urori, shekarun takunkumin Amurka, wanda aka ɗage a 2017, sun sa kamfanonin Sudan sun dogara da kayan Huawei da ZTE, don haka masu gyaran da suka san su suna da yawa. Wannan abin dubawa ne. Akwai kuma ƙananan OLT na kamfanoni irin V-SOL da BDCOM da C-Data, masu sauƙin kuɗi, waɗanda ƙananan masu sana'a ke amfani da su a ƙasashe da dama. Ko wanne kuka zaɓa, ku sani ba kowane akwatin gida ne ke jituwa da kowace OLT ba, ko da duka an rubuta musu GPON. Ku sayi uku ko huɗu, ku gwada su mako biyu cikin zafi, sannan ku yi odar katan. Akwatunan gwanjo da ake fitarwa daga Sin suna da araha ƙwarai kuma da yawansu lafiya lau suke, sai dai wasu a kulle suke da sunan kamfanin da ya fara amfani da su. A gwada kowanne a gaban mai sayarwa. Ku tsaya kan samfuri ɗaya ko biyu, don yaronku ya haddace su, cajarsu kuma ta zama iri ɗaya. Kayan da aka kwaso daga cibiyoyin sadarwa lokacin yaƙi suna yawo a kasuwanni a farashin banza. Kada ku taɓa su. Haram ne, kuma kowace na'ura tana ɗauke da lambarta, ranar da mai ita ya zo ku ne ɓarayin.

Injin waldar faiba shi ne kayan aiki mafi tsada. Na Japan, irin Fujikura da Sumitomo, dubban daloli ne, na Sin kuwa ana samunsa a kaso kaɗan na wannan kuɗin kuma ya isa aikin ƙauye. Bayan an gama shimfiɗa, yawancin kwanaki a jaka zai kwana, don haka gari uku ko huɗu su mallaki ɗaya, a rubuta wanda ke riƙe da shi da kuɗin haya. Na'urar gano inda layi ya yanke, OTDR, a yi hayarta daga birni. Abin da kowane mai gyara zai riƙe a aljihu biyu ne, ma'aunin haske da biron jan haske, duka masu araha. Inda ban yarda a yi tsimi ba shi ne wuƙar yanka zaren, domin mummunan yanka ba injin da zai gyara shi. Kawunan da ake ɗaurawa da hannu ba tare da walda ba suna da saurin aiki, amma a ƙasa mai zafi da ƙura irin wannan su ne kan gaba wajen dawo da ku gidan da kuka riga kuka gama. Gara a yi walda, ko a sayi wayar shiga gida da aka haɗa wa kai tun daga masana'anta. Koren kai da kore ake haɗawa, shuɗi da shuɗi, in aka gauraya haske ya zube. Zuciyar zaren da haske ke bi maikuron 9 ce kacal, ta fi gashin kai siranta sau da yawa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe ta. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A goge kowane kai kafin a cusa, a rufe wanda ba a amfani da shi. Kuma kada wani ya leƙa bakin zare da ido, hasken ba a ganinsa amma yana lahani.

Wuta kuma, kada ku dogara da ta gwamnati ko da kuna ganin madatsar Rusairis daga ƙofar gida. Ƙaramar OLT ba ta wuce cin wutar 'yan ƙwayaye ba. A ce wat 50 take ci, a yini da dare kilowat-awa 1.2 ke nan, abin da faranti biyu na zamani za su ɗauka da rara a ranar Sudan. Ku nemi samfurin da ke karɓar wutar batir kai tsaye, ku huta da inbata da asararta. Batirin dalma yana da arha a ranar saye, amma duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwarsa biyu, ku kuwa a Afrilu da Mayu kuna wuce 40. Batirin litiyam samfurin LiFePO4 ya fi tsada a yau, ya fi araha a shekara biyar. Ɗakin cibiya ya zama ginin ƙasa mai kaurin bango, da silin, da taga mai raga da yadi don tace ƙura, ba kwantenar kwano ba. Da haka ba ku buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. Akwatin gida wutar bolt 12 yake ci, ƙaramin batirin sola da yawancin gidaje suka mallaka ya ishe shi.

Saura kuɗin shiga. Manomi da kaka yake da kuɗi, saboda haka a tsara biyan akwati kashi-kashi, ko a bari sai an sayar da gyaɗa da riɗi. 'Yan uwa da ke Saudiyya su ne suka fi kowa son layin gida ya tsaya, a neme su su biya wa iyayensu na shekara tun gaba. Jinai kullum sauka take yi, kada ku tara ta a asusu. Duk abin da ya ragu a ƙarshen wata a mayar da shi kaya: fitilar OLT ɗaya ta ajiya, cajojin akwati, akwatin walda, ragowar nadin kebul. Kuma a rubuta taswirar layin, kowane turke da lambarsa, kowane zare da gidan da ya nufa, kwafi ɗaya a waya ɗaya a takarda wurin dattijon da aka amince da shi. Samarinmu matafiya ne, yau yana nan gobe ya tafi wurin haƙar zinariya da taswirar a kansa.

Don haka, 'yan uwa, wannan makon kada ku kira dillali. Ku ɗauki waya mai nuna taswira da littafi, ku taka hanyar da ƙafa daga maharɗar kamfani zuwa gida na ƙarshe, ku ƙirga turaku, ku ƙirga gidajen da suka yarda za su biya, ku yi lissafin hasken kowane reshe. In gidajen da suka sa hannu ba su cika baki ɗaya na OLT ba, ku jawo ƙauyen da ke kusa cikin tafiyar kafin ku fitar da ko jinai ɗaya.